Shuɗin Yatsu Biyu

Mijin yayata mai wanki da guga ne. Tun ranar da na fara ganinsa na sa masa Na-Kumfa, sunan kuma ya bi shi har jikokinsa suka taso suna ji. Shi kuwa Auta yake ce mini, ko da furfura ta cinye mini gaban kai. Ban taɓa ɓoye masa cewa a ganina Yaya ta fi ƙarfinsa ba. Bai taɓa musu ba, sai dai ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ya aure ta.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: teburin guga, kanta mai cike da kayan mutane a ninke, sai ƙofar baya da ke fita wani ɗan fili inda bahuna da igiyoyin shanya suke. A ƙarshen filin akwai magudanar da ruwan wanki ke bi ya fita. A bakin wannan magudana yake da lambu, in dai za a kira tarkacen da ke wurin lambu.

Duk mai wanki yana laluben aljihu kafin ya jiƙa kaya, wannan ba abin yabo ba ne. Na-Kumfa dai nasa ya wuce misali. Makulli, biro, takardar magani, duk yana mayar wa masu su. Amma in ya ci karo da iri, to, ya zama nasa. Ƙwallon dabino, 'ya'yan kankana, ƙwayar da ta maƙale a naɗin ƙafar wando, ƙayar da ta kama safa, duk sai ya kai su bakin magudana ya tura a ƙasa da babban yatsa.

Na taɓa tambayarsa, "Wai me za ka yi da wannan shirme?"

Ya ce, "So nake in ga ko waye shi."

Haka yake maganar iri, kamar baƙo ne ya yi sallama da fuska a rufe. Wasu su fito, wasu ruwan sabulu ya kashe su, shi dai bai damu ba, in ya ga ganye biyu na farko ya gane mai su, buƙata ta biya. Har yakan ɗaga wando ya ce, "Wannan ya je ƙauye bai gaya wa matarsa ba, ga shaida a ƙafarsa."

Aikin shagon a rabe yake. Shi ke jiƙawa, shi ke cuɗawa, shi ke guga. Yaya abu ɗaya take yi, ɗaurayar ƙarshe ta fararen kaya, a wani ƙaramin baho nata can gefen tankin ruwa. Da fararen kayan nan kuwa shagon ya yi suna. Farinsu ba irin na kowa ba ne, yana da wani sanyi a ido, in an shanya su sai ka ga masu wucewa suna waiwaye. Akwai wani likitan haƙori, mutum mai tsirfa da ƙorafi, da yake tsallake masu wanki da yawa ya kawo fararen rigunan aikinsa nan. Duk sanda ya yaba, Na-Kumfa zai ɗaga hannunsa na dama sama, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Hannu ne, Likita. Hannu!"

Ni abin yana ƙona mini rai. Yaya kuwa sai ta yi murmushi ta ci gaba da ninki. Ita dama ba mai magana ba ce, maganar gidanmu duk ni na kwashe. Kullum da safe takan fita sayen burodi ta daɗe ba ta dawo ba, shi kuma ya riƙa tsokanarta wai gulmar unguwa take tsayawa ji. Ba ta taɓa cewa e ko a'a ba.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ja lokaci ba. Allah ya jiƙanta.

Da aka watse daga zaman gaisuwa ya buɗe shago, ya karɓi ɗauraya da kansa. Ya sa bula yadda kowane mai wanki yake sawa, kaya suka fito fari dai, amma farin kowa da kowa. Ya rage bular, suka yi ɗan rawaya. Ya ƙara, suka yi zane-zane. Likita ya ɗaga rigarsa wajen haske ya ce, "Mai wanki, hannun ya tsufa ne?" Ranar Na-Kumfa bai ɗaga komai ba.

Ni na je taya shi haɗa kayan Yaya, kuma a nan muka ga abubuwa biyu da suka ɗaure mana kai. Na farko, wani kwali a ƙarƙashin gado cike da ƙullin bula, irin mai tsadar da yake saya mata, ko ɗaya ba a ɓare ba. Na biyu, ƙulli a haɓar wani tsohon ɗankwalinta. Da na kwance sai ga 'yan ƙwayoyi da ba su cika tafin jariri ba, baƙaƙe, masu tauri, kamar ƙaramin wake da aka danne.

Ya juya ɗaya a tafinsa, ya shinshina, ya gwada da haƙori. Mutumin da ke gane iri daga ƙafar wando ya yi tsuru-tsuru.

"Auta, kin san wannan?"

"Kai da kake kwana ɗaki ɗaya da ita ba ka sani ba, sai ni?"

Ya ce, "To, za mu ga ko waye shi."

Daga ranar ba shi da wata magana. Yaya ba mai ajiye abu a banza ba ce, in ta ƙulle abu a ɗankwali, to, da dalili. Dalilin yake so ya sani, kuma ƙwayoyin nan su kaɗai ne za su iya gaya masa.

Ya shuka kaɗan a bakin magudana, shiru. Ya shuka wasu a gwangwani, shiru. Ya tona ya duba, ya same su yadda ya sa su, ko kumbura ba su yi ba. Ya sake gwada wasu a inuwa, ɓera ko tsuntsu ya yi gaba da su. Kafin mu ankara ƙullin ya ƙare, sauran ƙwaya guda da ya jefa a aljihun rigarsa yana cewa wannan ba zai taɓa ta ba sai ya yi tunani. To, ku ji ikon Allah. Mutumin da bai taɓa jiƙa kayan wani ba tare da ya lalube aljihu ba, nasa aljihun ne bai lalube ba. Rigar ta kwana a jiƙe cikin ruwan ɗumi. Da safe yana matsewa ya ji abu a yatsa, ya ciro, sai ga ƙwayar ta kumbura, fatarta ta tsage, ɗan farin baki ya leƙo.

Har gida ya zo ya same ni, ko takalmi bai sa daidai ba. "Auta, ashe jiƙo take so! Taurin kai ne da ita, sai an jiƙa ta kamar wandon makaniki."

Na ce, "Sai ka gode wa sakacinka, tunda wayonka bai tsinana komai ba."

Ya shuka ta a bakin magudana, ta fito. Siririya ce mai yaɗo, ba ta da hannun kama abu, jikinta gaba ɗaya take naɗewa da shi. Ta kama sandar da ya kafa mata, daga nan ta haye igiyar shanya ta ƙarshe, dole ya bar mata igiyar. Ganyenta ƙanana ne, bibbiyu suna fuskantar juna, ɗaya a ƙarshe shi kaɗai. Na ce gyaɗa ce ta yi tsawo. Ya ce gyaɗa ba ta hawa igiya. Muka yi ta musu har safiyar da ta yi fure.

Ban taɓa ganin shuɗi irin wannan a jikin tsiro ba. Fure ɗaya ne mai faɗin leɓe, bai wuce babban yatsa ba, tsakiyarsa fari da ɗan rawaya. Da safe ya buɗe, kafin yamma ya yi yaushi ya naɗe kansa. Na-Kumfa ya tsuguna gabansa har dutsen guga ya kusa ƙona tebur.

Sai neman suna. Ya tsinki ɗaya ya kai wa mai sayar da furanni a bakin babban titi. Mutumin ya duba ya ce ciyawa ce, ba ya sayar da irinta, sannan ya yi ƙoƙarin liƙa masa wani fure mai ƙaya a tukunya. 'Yar Na-Kumfa ta fari, mai aikin jinya, ita ta ɗauki hoton furen da waya ta nemo. Ta ce dangin wake ne, ta karanto wani dogon suna da ya gwada faɗa harshensa ya harɗe.

Ta ce, "Baba, wai a wasu ƙasashe har shayinsa ake sha."

"Shayi? Shuɗi?" Ya yamutsa fuska. "Ni da girmana in zauna in sha ruwan bula?"

Ya faɗi haka ne don a yi dariya, muka kuwa yi. Amma na ga ya tsaya da dariyar a rabi, yana kallon bahon Yaya da ke kife gefen tanki.

Washegari na same shi ya jera kofuna a kan teburin guga kamar mai haɗa magani. Ya murje furanni a ruwan zafi, ruwan ya zama shuɗi. Ya zuba kaɗan a ruwan sabulu, ya juye kore. Ya matsa lemon tsamin da yake cire tsatsa da shi a wani kofin, nan take ya koma shunayya. Ya yi ta tafa hannu kamar yaro, yana cewa, "Auta, zo ki ga munafuki, kowa ya zo sai ya bi shi!" Sai da ya gama wasansa sannan ya zuba sauran a ruwa mai tsabta, ya tsoma wani farin hankici, ya matse, ya shanya.

Muna jiran ya bushe ne na ga yana kallon hannunsa. Kallon ya yi yawa har na ce ko ƙaya ce ta soke shi.

Ya miƙo mini hannun. Kan babban yatsa da manuni sun yi shuɗi, har ƙarƙashin farce. Sauran hannun fes.

Ya ce, "Auta, bula in ta kama mutum, har wuyan hannu take kamawa. Duk mai wanki ya san haka. Yayarki fa?"

Nan take na gane. Yatsun Yaya biyu na dama kullum haka suke, tun ina zuwa ta yi mini kitso. Na ɗauka bula ce, shi ma haka. Shi da zai kalli tabo a riga ya gaya maka ko na shayi ne ko na man mota, har ya faɗa maka da wane hannu mai rigar yake cin abinci.

Hankicin ya bushe. Farin nan ne mai sanyi a ido, ba tambaya. Ya riƙe shi ya zauna a bakin baho, hawaye na bin fuskarsa, bai ko share ba. Na so in yi masa tatas kan shekarun da ya yi yana ɗaga hannu, maganar ta zo har bakina, na haɗiye. Ni ma kukan nake.

Sauran tambaya ɗaya: a ina Yaya take samo furen? Ya bi hanyarta ta safe har wurin mai burodi. Matar ta ce, "Allah sarki, Baba mai wanki, ai ba ta wannan hanyar take zuwa ba. Ta lungun bayan tsohon gidan ruwa take ɓullowa, da ɗan gwangwaninta cike da shuɗin fure. A shingen wayar wurin yake yaɗo. Ranar da aka zo cire shingen za a yi katanga, tsayawa ta yi tana tsintar busassun ƙwanso, magina suna mata tsiya."

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Muka je lungun tare. Katangar bulo ce doguwa, an shafe ƙasan da siminti, ko ciyawa babu. Nan muka fahimci ƙullin ɗankwali. Ta tara irin ne za ta shuka, ciwo ya riga ta. Wato wadda ke kan igiyar shanyarsa ita kaɗai ta rage, a iya inda muka sani.

Da mai hankali ne, da jin haka sai ya lallaɓa ta. Na-Kumfa kuwa murna ce ta ɗebe shi. Kullum da safe ya ɗauki gwangwani ya tsinke duk furen da ya buɗe, ko ɗaya ba ya bari. Fararen kaya suka dawo hayyacinsu, Likita ya daina ɗaga riga wajen haske. Shi mai wanki a wurinsa duk abin da ke ba da launi kayan aiki ne, barin sa ya yi yaushi a kan igiya asara ce. Sannan ga ta a bakin magudana tana shan ruwan sabulu safe da yamma, don a nan ya saba shuka komai.

Na yi 'yar tafiya, da na dawo na leƙa filin sai gabana ya faɗi. Ganyen ƙasa sun yi rawaya suna zuba, reshe guda ya bushe ƙayau, furannin sun ƙanƙance.

Na ce, "Na-Kumfa, ina ƙwanson?"

"Wane ƙwanso?"

"'Yarka ba ta ce dangin wake ba ne? Waken da ake tsinke wa fure kullum, ta ina zai yi 'ya'ya? In ta mutu gobe, me za ka jiƙa a aljihunka?"

Ya kalli igiyar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Babu ƙwanso ko ɗaya. Duk shekarun nan shi ganye biyu na farko yake jira ya ga ko waye, bai taɓa raka wani tsiro har ya ga 'ya'yansa ba. Ya dafe kai ya ce, "Na kashe ta, Auta."

"Ba ka kashe ba tukuna. Amma kana hanya."

A ranar ya haƙa sabuwar hanya ya kautar da ruwan sabulu, ya riƙa ba ta ruwan tanki da kofi. Abu mai wuyar shi ne barin furen. Da safe zai fito da gwangwani bisa sabo, ya tsaya gabanta, ya sa hannuwansa a baya kamar wanda aka hana taɓa abinci, ya koma. Ya buɗe kwalin bular da Yaya ta ƙi, ya ci gaba da aiki da ita. Fararen kaya suka koma farin kowa da kowa. Likita ya yi ƙorafi, ya sake yi, daga baya aka daina ganin rigunansa. Na-Kumfa bai bi shi da bayani ba.

Furanni suka yi ta buɗewa suna yaushi suna faɗuwa ba komai a bayansu. Shukar kuwa kullum ƙara ramewa take. Ni kaina na fid da rai, har na fara shirya kalaman da zan ba shi haƙuri da su. Sai wata safiya ya kira ni a waya yana ihu har ban gane me yake faɗa ba. Da na je, ya nuna mini wani abu kore siriri, shafal kamar tsinke, yana leƙowa daga cikin wani busasshen fure. Ƙwanso ne, kafin mako ya zagayo ya yi 'yan uwa.

Ya yi gadinsu kamar mai jego. Da suka fara bushewa, na farko ya fashe da rana tsaka ya watsar da 'ya'yansa, ya bi ƙasa da rarrafe yana tsinta, gwiwoyinsa duk laka. Daga nan ya ɗinka wa sauran 'yan jakunkuna da tsohuwar safa. Uwar ba ta kai ƙarshen shekara ba, ta bushe a kan igiyar. Amma ta bar abin da ya cika haɓar ɗankwalin Yaya har ƙullin ya ƙi ɗauruwa.

Yanzu igiyoyi biyu ya bar musu, nesa da magudana. Ta dama ta tsinka ce, ta hagu ba mai taɓa ta, ko jikokinsa sun sani. Ni ma ya kawo mini nawa a ƙulle, na jiƙa su na shuka a tsohon bokiti, suna hawa ƙarfen tagata. Dogon sunan nan har yau bai iya faɗa ba, furen ɗauraya yake ce masa. Shayin ma ya sha a ɓoye, 'yarsa ta kama shi, ya ce ɗanɗanawa kawai yake, kuma ba shi da daɗin komai.

Kwanakin baya ina zaune a shagon sai ga Likita ya shigo da riguna a hannu, yana ta kame-kame wai hanya ce ta biyo da shi. Idonsa ya sauka kan wata farar riga da ke rataye. Ya ɗauke ta ya kai bakin ƙofa, ya juya ta a haske, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Mai wanki, ashe hannun ya dawo."

Na zuba ido ina jiran a ɗaga hannu sama. Na-Kumfa ya ajiye dutsen guga, ya kalli yatsunsa biyu.

Ya ce, "Ba nawa ba ne, Likita. Na mai ɗakina ne. Aro nake yi."